Kafin a Ɗaure Kaya Zuwa Japan: Amsoshin Wasiƙunku

Tun bayan taron TICAD, wato taron Japan da ƙasashen Afirka kan raya ƙasa, na watan Agustan 2025, tambayoyi a kan Japan suka yi yawa a wannan fili, mafi yawansu daga cikin garin Kaduna. Mun tsamo guda shida. Duk farashin da za mu ambata da yen ne, kuɗin Japan. A 2025 yen ɗaya ya yi ta kai-kawo ne a kusa da naira goma, don haka mai son ƙiyasi cikin sauri sai ya ƙara sifili ɗaya a gaba. Ranar canjin kuɗi kuwa, maganar ɗan canji ce za ta yi aiki.

Tambaya: Wani mutum ya ce mana Japan ta ware wa 'yan Najeriya gari sukutum mai suna Kisarazu, da biza ta musamman. Yana karɓar naira dubu ɗari takwas kuɗin fom da rajista, ya ce in an shiga da bizar yawon buɗe ido sai a juya ta ta koma ta aiki. Mu huɗu muke shirin biya. (Matashi daga Rigasa)

Amsa: Ɗan'uwa, ku riƙe kuɗinku. Kisarazu gari ne na gaske a jihar Chiba, tsallaken ruwa daga Tokyo, kuma can 'yan wasan Najeriya suka yi sansani kafin gasar Olamfik ta Tokyo. A taron TICAD karo na tara da aka yi a Yokohama, JICA, hukumar Japan mai tallafa wa ƙasashe masu tasowa, ta haɗa garuruwan Japan huɗu da ƙasashen Afirka huɗu don zumunci da musayar ziyara: Kisarazu da Najeriya, Nagai da Tanzaniya, Sanjo da Ghana, Imabari da Mozambik. Daga nan aka yi wa labarin ƙarin gishiri, aka ce akwai biza ta musamman. Ma'aikatar harkokin wajen Japan ta musanta, mutanen garuruwan suka yi ta ƙorafi, ranar 25 ga Satumba 2025 JICA ta janye shirin ɗungurungum. Fom ɗin da ake tallata muku ba a taɓa buga shi ba.

Batun juya biza kuma ya fi haɗari. Bizar ziyara ba ta wuce kwana 90, an hana aiki da ita, kuma mai ita ba a ba shi katin zama. Wanda ba shi da wannan kati ba zai kama hayar gida da sunansa ba, ba asusun banki, ba inshorar lafiya. In kwanakinsa suka ƙare ya ci gaba da zama, doka ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara uku ko tarar da ta kai yen miliyan uku, sannan a koro shi a rufe masa ƙofa shekara biyar. Wasu dillalan kan ce in an isa a nemi mafaka. Japan 'yan ƙalilan take amsa wa, kuma tun Yunin 2024 neman mafaka karo na uku ba ya hana a koro mutum sai da ƙwaƙƙwarar hujja.

Hanyar gaskiya daga can take farawa. Makaranta, ko kamfani, ko mijin da ke zaune a can shi ke nema wa mutum takardar cancanta daga hukumar shige da fice ta Japan, wadda aka fi sani da COE. Fitarta kan ɗauki wata ɗaya zuwa uku, ranta kuma wata uku ne. Da ita ake neman biza a hannun ofishin jakadancin Japan da ke Abuja. Bizar aikin ofis da injiniyanci tana son digiri da ya dace da aikin, ko shekara goma na ƙwarewa a mafi yawan fannoni. Akwai kuma tsarin ma'aikata masu sana'a da aka buɗe a Afrilun 2019, wanda ke son jarrabawar Japananci matakin N4 (matakai biyar ne, N5 na 'yan koyo, N1 na ƙwararru) da jarrabawar sana'ar kanta, kuma a matakinsa na farko ba a tafiya da iyali. Ku tambayi mutumin naku abu ɗaya: wane kamfani ne a Japan zai nema mana COE, ina adireshinsa? Za ku ga yadda zai fara kame-kame.

Tambaya: Wani kamfanin kwamfuta a Tokyo ya ɗauke ni aiki a kan yen 250,000 a wata. Na lissafa, naira miliyan biyu da rabi ke nan, a gida har an fara murna. Nawa zan riƙa turowa, kuma nawa zan riƙe a hannu ranar tafiya? (Injiniya daga Malali)

Amsa: Injiniya, barka da arziki, amma a ɗan sassauta murnar gida. Wannan 250,000 ba za ka taɓa ganinta a dunƙule ba. Kafin ta shigo asusunka za a cire fansho kashi 9.15 cikin ɗari, inshorar lafiya kusan kashi biyar, ɗan abin inshorar rasa aiki, da harajin albashi. Abin da zai iso hannunka yen 205,000 ne zuwa 210,000. Akwai kuma wanda ke laɓe. Harajin gari, juminzei, ana lissafa shi ne a kan abin da ka samu a shekarar da ta wuce, kusan kashi goma na abin da ya rage bayan rangwame, kuma daga watan Yuni ake fara karɓa. Shekararka ta farko ba za ka biya ba saboda ba ka da bara a Japan. A ta biyu sai ka ga albashi ya ragu da wajen 10,000 a wata alhali ba abin da ya canja a wurin aiki.

Kafin ka sa hannu ka tambayi abu huɗu a rubuce. Shin a cikin 250,000 ɗin an riga an cusa kuɗin ƙarin lokaci na wasu sa'o'i? Kamfanoni da yawa suna yin haka. Akwai garaɓasar rani da ta hunturu? Al'ada ce, doka ba ta tilasta ba. Su za su biya tikitin jirgin ƙasa na wata-wata? Galibi suna biya. Sai ranar biya: inda ake rufe lissafi a ƙarshen wata a biya ranar 25 ga wata mai zuwa, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Afrilu sai 25 ga Mayu zai ga kuɗi. Kusan wata biyu ke nan da guzurinka za ka ci.

Yanzu gida, inda kuɗin yake tafiya. A Kaduna mun saba da biyan haya shekara guda a dunƙule. A Japan wata-wata ake biya, sai dai ƙofar shiga ce mai tsada. Ɗauki ɗaki ɗaya da ɗan kicin da banɗaki, irin wanda suke rubutawa 1K, a kan 75,000 da ƙarin 5,000 na kula da gini. Ranar sa hannu za ka ajiye shikikin, kuɗin ajiya na ɓarna, 75,000. Za ka ba da reikin, 75,000, wanda ma'anarsa kuɗin godiya ga mai gida kuma ba ya dawowa. Wato kai ne mai biya, kai ne kuma mai ba da tukuici. La'adar dillali hayar wata guda ce da harajin kashi goma, 82,500. Hayar watan farko 80,000. Tunda ba ka da ɗan ƙasa da zai tsaya maka, kamfanin lamuni zai tsaya, ya karɓi rabin haya ko cikakkiya, mu ce 40,000, sannan wajen 10,000 duk shekara. Inshorar gobara ta shekara biyu kusan 18,000, canjin makulli kusan 20,000. Jimla 390,500, ba ka sayi ko cokali ba. Bayan shekara biyu kuma a Tokyo galibi sai ka sake ba da hayar wata guda don sabunta yarjejeniya.

Ɗakin fanko za a ba ka. Ba firji, ba injin wanki, ba labule, wani lokaci ko fitilar rufi babu, murhun gas ma sai ka saya. A shagunan kayan gwanjo irin su Hard Off da 2nd Street, da sabbin tarkace daga Nitori da Daiso, yen 70,000 zuwa 100,000 za su tsayar da ɗaki. Wajen sayen murhu ka duba irin gas ɗin gidan, don iri biyu ne: na bututun gari da na tukunya, kuma murhun wannan ba ya aiki da wancan, haɗa su haɗari ne. Na tukunya ya fi tsada sosai, gidan da ke da shi arharsa ta ido ce. Ranar buɗe gas dole kana gida ma'aikaci ya zo, don haka ka kira su tun kafin ka tare, in ba haka ba da ruwan sanyi za ka yi wanka.

In ka haɗa kuɗin shiga, kayan ɗaki da cimar wata biyu, kada ka sauka da ƙasa da yen 600,000 zuwa 700,000, ban da tikitin jirgi. Wanda ya ɗauko tsabar kuɗi sama da yen miliyan ɗaya ko kwatankwacinsu dole ya bayyana wa kwastan.

Ana iya rage wannan nauyi. Mafi sauƙi, ka roƙi kamfanin ya kama gidan da sunansa ko ya sauke ka a nasa na 'yan watanni. Akwai gidajen haɗaka, ɗaki naka, kicin da banɗaki na kowa, da kaya a ciki, galibi 50,000 zuwa 70,000 ba reikin. Akwai gidajen UR, hukumar gidajen haya ta gwamnati, waɗanda ba reikin, ba la'ada, ba mai lamuni, ba kuɗin sabuntawa, ajiyar wata biyu kawai, sai dai suna duba ƙarfin albashi. Sannan a fita daga tsakiyar birni: Kawaguchi a Saitama, Matsudo a Chiba, ko Hachioji a yammacin Tokyo, inda irin wannan ɗaki kan sauko 50,000 zuwa 65,000, ka biya bambancin da tsayuwa cikin cunkoson jirgi safe da yamma. In an rubuta "minti goma daga tasha", a kan mita 80 a minti ɗaya suka auna. Ka nemi ginin da aka ba izinin ginawa daga Yunin 1981, lokacin da aka tsaurara ƙa'idar gini saboda girgizar ƙasa. Kuma ka sani akwai masu gidan da ba sa ba baƙo haya. Ka ce wa dillali ya buga waya ya tambaya tun kafin ku ɓata yini kuna zagaye. Ranar tarewa ka ɗauki hoton duk wani tabo da ke bango da ƙasa, don ranar fita daga ajiyarka za a cire.

Na wata-wata: haya 80,000, wuta, gas da ruwa wajen 12,000, su haura a hunturu, layin waya 3,000, intanet 5,000, abinci 40,000 in da kanka kake girki, sabulu, aski, asibiti da sauran tarkace 15,000. Ya kama 155,000. Abin da zai saura wajen 50,000 ne a shekarar farko, 40,000 a ta biyu, in ba ka yi rashin lafiya ba kuma ba ka sayi rigar sanyi ba. Wannan adadin za ka faɗa wa su Baba. Turowa kuma ta kamfanin aika kuɗi mai rajista. Mutumin da ke karɓar yen a hannu ya sa a biya naira a gida ba tare da lasisi ba laifi yake yi a dokar bankunan Japan, in ya gudu da kuɗinka ba ka da wurin kai ƙara.

Tambaya: Na samu tallafin karatu na gwamnatin Japan, MEXT, zan yi digiri na biyu a Jami'ar Kyushu da ke Fukuoka. Me zan fara yi in na sauka? Ƙanena kuma yana so ya biyo ni makarantar koyon harshe a Tokyo, ya riƙa aiki yana biyan kuɗin makaranta. (Ɗaliba daga Unguwar Dosa)

Amsa: Ƙanwarmu, Allah ya sanya albarka. Yen 144,000 a wata ake ba ɗalibin digiri na biyu, 145,000 na digirin digirgir, 117,000 na digirin farko, an kuma ɗauke miki kuɗin makaranta, wanda a yawancin jami'o'in gwamnatin ƙasar yen 535,800 ne a shekara ban da 282,000 na shiga. A Fukuoka, inda ɗaki ke kamawa 35,000 zuwa 50,000, wannan kuɗi zai riƙe ki har ki ɗan tara. Amma biyan farko yakan yi wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi bai zo ba, shi ya sa su kansu masu tallafin suke cewa a taho da kimanin dala 2,000.

Takardun a jere suke, kowace tana jiran ta gabanta. A filin jirgi, in ta Narita, Haneda, Kansai ko Fukuoka kika shigo, nan take za a ba ki katin zama. A wannan teburin ki miƙa fom ɗin izinin aikin wucin gadi a buga miki hatimi, ya fi ki je ki yi layi a ofishin shige da fice daga baya. Katin nan kullum yana jikinki. Rashin ɗaukarsa tara ce da ta kai yen 200,000. Cikin kwana 14 da samun masauki ki je ofishin gunduma, kamar sakatariyar ƙaramar hukuma a nan, a rubuta adireshinki a bayan katin. Kada ki fito sai kin gama abu uku. Ki shiga inshorar lafiya ta ƙasa, wadda da ita kashi 30 cikin ɗari kawai za ki biya a asibiti. Ki cike takardar cewa bara ba ki samu kuɗi a Japan ba. Wanda ya cike, kuɗin inshorarsa kan sauko kusan 2,000 a wata, wanda ya manta sai takarda ta zo masa da ninkin haka. Sannan ki nemi ɗage biyan fansho na ɗalibai, don duk mai shekara 20 zuwa 59 yana ciki, kuma a shekarar kuɗi ta 2025 yen 17,510 ne a wata. Daga baya lambarki mai alƙaluma 12, My Number, za ta zo ta gidan waya.

Bayan adireshi sai layin waya, bayan waya sai banki, domin banki yana son lambar waya ta Japan. Bankuna da yawa ba sa sauraron wanda bai yi wata shida a ƙasar ba. Bankin gidan waya, Yucho, shi ke karɓar sababbin zuwa, kuma ta nan ake biyan MEXT. Rakuten Mobile na farawa daga yen 1,078 a wata. Ranar da za ki baro ƙasar ki rufe asusun da hannunki. Bayarwa ko sayar wa wani laifi ne, kuma da irin waɗannan asusun 'yan damfara ke aiki.

Babban harabar jami'ar a Ito take, can yammacin birni, masallacin Fukuoka kuwa yana Hakozaki a gabas, tafiya ce mai nisa, ki san da haka wajen zaɓen unguwa. Shara a Fukuoka da dare ake kwashewa, saɓanin yawancin birane da ake fitarwa kafin takwas na safe, kuma sai a cikin ledar hukuma da ake saya, babba yen 45. Ledar da aka cakuɗa kwalba da ragowar abinci a nan za a bar miki ita da takardar gargaɗi a manne.

Batun ƙanenki, mu yi lissafi. Ɗalibi sa'a 28 aka yarda ya yi aiki a mako, duk ayyukansa a haɗe, sai a dogon hutu ne ake barinsa sa'a takwas a rana. Mafi ƙarancin lada a Tokyo ya koma yen 1,226 a sa'a a Oktoban 2025. Sa'a 112 a wata ta ba da kusan 137,000, in har ya samu aikin cikakke, abin da ke da wuya ga wanda bai iya gaisuwa da harshen ba. Makarantar harshe kan ci 700,000 zuwa 900,000 a shekara, wato 60,000 zuwa 75,000 a wata. Cire wannan, cire haya 55,000 a gidan haɗaka, sauran bai kai abinci ba. Daga nan ake fara satar sa'o'i, a riƙa barci a aji. Ranar sabunta biza kuwa ana duba takardar haraji da yawan halartar aji, kuma a nan ake mayar da mutane gida. In gida ba za su iya ɗaukar kuɗin makarantar shekarar farko gaba ɗaya ba, ya dakata.

Tambaya: Ɗana zai tafi Osaka. Na haɗa masa kilishi, dambun nama, yaji, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da goro, na sayo masa bilenda da dutsen guga a Kasuwar Gumi. Yana kuma shan maganin asma. Akwai abin da na manta? (Uwa daga Tudun Wada)

Amsa: Hajiya, ba mantuwa kika yi ba, ragewa za a yi. Kilishi da dambun nama a cinye su a gida kafin ranar tafiya. Japan ta hana shigo da nama kowane iri, ɗanye, soyayye ko busasshe, kuma tun Yulin 2020 hukuncin ya kai ɗaurin shekara uku ko tarar yen miliyan uku. Karnuka masu shinshina suna zagaya jakunkuna a wurin ɗaukar kaya, ƙamshin kilishi kuwa ba ya ɓuya ko ga ɗan Adam. Busasshen kifi ba ya cikin wannan hani.

Ɗanyen abu irin su goro, doya da attaruhu sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai daga NAQS, hukumar binciken lafiyar kayan gona ta nan gida, wasu ma ko da takardar ba sa shiga. A bar goron. Yaji, kuka, daddawa da kuɓewa a niƙa su su bushe ƙayau, a rufe a leda mai kyau, a rubuta sunan kowanne da Turanci, ya kai su teburin binciken tsirrai da kansa ya nuna. Garin da ba suna a jikinsa shi ke jawo dogon bincike, haka ƙullin maganin gargajiya. Kuma kada ya karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da wa aka haɗa shi.

Maganin da likita ya rubuta, na wata ɗaya ake shiga da shi kai tsaye. In ya wuce haka sai an nemi takardar izini mai suna Yunyu Kakunin-sho daga ma'aikatar lafiyarsu tun kafin tafiya. Ya riƙe wasiƙar likita da Turanci mai ɗauke da ainihin sunan maganin, don likitan can ya ɗora daga nan. Maganin tari mai kodin da wasu magungunan mura suna da tsauraran dokoki, a bar su.

Bilenda da dutsen guga ki riƙe abinki. Wutarmu bolt 230 ce, tasu bolt 100, soket ɗinsu kuma mai siraran ƙafafu biyu ne. Dutsen gugar nan in an jona shi a can ɗumi kawai zai yi. Cajar waya da ta kwamfuta in an rubuta 100 zuwa 240 a jikinsu za su yi aiki, ɗan adafta kawai suke so. In ya tashi dawowa da kayan wutar can, sai da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba a jonawar farko za su ƙone. A gurbin bilendar a sa masa takalma in ƙafarsa babba ce, don abin da ya wuce santimita 28 yana wuyar samu. Kayan sanyi kuma a can zai saya. Rigar da ke tare hunturun Kaduna ba za ta tare na Janairun Osaka ba.

Tambaya: Maigidana yana aiki a Nagoya, zai ɗauke ni da yara biyu, mai shekara bakwai da mai biyu. Ina tsoron abinci da makarantar yara. (Matar aure daga Kawo)

Amsa: 'Yar'uwa, ta fuskar yara hankalinki ya kwanta. Bizar iyali ta mata ce ko miji da 'ya'ya kawai, ba ta ɗaukar uwa ko ƙanwa mai taya reno, kuma dokar auren Japan mace ɗaya ta sani, mai mata biyu kada ya gina shirinsa a kan zai kwashe gida duka. Da zarar kun yi rajistar adireshi ku nemi kuɗin tallafin yara: 15,000 a wata ga wanda bai kai shekara uku ba, 10,000 ga babban, kuma ba a biyan watannin da aka yi sakaci ba a nema ba. Nagoya tana ɗauke kuɗin asibitin yara har shekara 18. Firamaren gwamnati kyauta ce, a Afrilu ake fara shekara, amma jakar goyo da suke kira randoseru sabuwa kan kai 40,000 zuwa 70,000, ki nemi ta hannu. Abincin rana a makaranta ake ci, kuma alade na yawan shiga. Tun ranar farko ku zauna da shugaban makaranta; suna raba jadawalin abincin wata, kuma galibi suna yarda yaro ya zo da nasa. Gidan renon yini na masu aiki ne ko karatu, ƙaramin naki sai ya kai uku zai shiga nazare, inda gwamnati ke ɗaukar kuɗin 'yan shekara uku zuwa biyar tun Oktoban 2019. In Allah ya kawo haihuwa a can, inshora na ba da 500,000, sai dai haihuwa a Japan ba ta mayar da yaro ɗan ƙasa, kuma cikin kwana 30 za a nema masa izinin zama.

A kanti ki haddace alamu biyu: 豚 alade ne, 酒 giya ce. Sai mirin, giyar girki mai zaƙi da ke cikin miya da romo da yawa, da jelatin da kitsen alade da ke ɓuya a biredi, alewa da taliyar kofi. Kamarar waya tana fassara rubutun jikin kwali. Shagunan Gyomu Super suna sayar da daskararriyar kaza mai tambarin halal da arha, naman sa da na rago kuma a shagunan 'yan Pakistan da Bangaladash da ke kusa da masallatai, kamar na unguwar Nakamura a nan Nagoya. Abin da zai ba ki mamaki shi ne yawan kayan miyarmu. Kuɓewa ɗanya tana kantuna, sunanta okura. Lalo yana fitowa da zafi, moroheiya suke ce masa. Awara ita ce tofu, ƙasa da yen ɗari. Shinkafarsu mai danƙo ce, kamar don tuwo aka yi ta, sai dai kilo biyar ya haura yen 4,000 a 2025, ninkin farashin shekarar da ta gabace ta. Da dare kafin a rufe kanti ana manna 半額 a jikin kifi da kayan lambu, wato rabin kuɗi.

Zaman gidan ne yake son koyo. Bango siriri ne, daka a turmi ko gudun yara da dare zai kawo takardar ƙorafi, don haka ku nemi hawa na ƙasa a ginin kankare. Turaren wuta yana tayar da na'urar gobara, yana kuma rina takardar bango, a cire daga ajiyarku. Ɗakin masai ba shi da magudana a ƙasa, ruwan buta in ya zuba yana ruɓar da daɓe har ya ɗiga wa na ƙasa. Kada a zuba ragowar mai a wurin wanke-wanke, akwai garin da ke daskarar da shi a jefa a shara. Daga Yuni zuwa tsakiyar Yuli damshi ke sa fumfuna a kaya, a riƙa buɗe kabad. Kuma yarjejeniyar haya ta ƙayyade masu kwana a gidan. Ɗan'uwa ya zo ya zauna wata uku ba da sanin mai gida ba dalili ne na a tashe ku.

Tambaya: Ina sayar da injuna da kayan gyaran mota na Japan. Ina so in koma can da zama in riƙa lodin kwantena da kaina. (Ɗan kasuwa daga Panteka)

Amsa: Alhaji, zuwa sayen kaya daban, zama daban. Don zuwa duba kaya da ƙulla ciniki, bizar kasuwanci ta gajeren lokaci da wasiƙar gayyata daga kamfanin da kake hulɗa da shi ta isa. Zama da buɗe kamfani kuwa, tun 16 ga Oktoba 2025 jarin da ake nema ya tashi daga yen miliyan biyar zuwa miliyan talatin, wajen naira miliyan ɗari uku. Za ka ɗauki aƙalla ma'aikaci ɗaya na dindindin, kai ko shi wani ya iya Japananci matakin N2, ka nuna shekara uku na gudanar da kasuwanci ko babban digiri, ofis kuma daban da gidan kwana. Sayen kayan hannu don sayarwa sai da lasisin da ake nema ta ofishin 'yan sanda, farke mota kuma izininsa daban ne.

Motocinsu sitiyarin dama ne, wanda dokarmu ba ta yarda da shi a kan titi ba, shi ya sa cinikin ya tsaya a inji, giya da rabin mota. Filayen da ake farke su suna bayan gari a Chiba, Ibaraki, Saitama da Aichi, inda ba a zama sai da mota. A hagu ake tuƙi. Mayar da lasisinmu ya zama nasu sai da jarrabawar rubutu, wadda tun Oktoban 2025 ta koma tambaya 50 ana son ka ci 45, da gwajin tuƙi a filinsu. Za su kuma nemi shaidar ka zauna a Najeriya aƙalla wata uku bayan ka karɓi lasisin, kuma hatimin shige da fice suke ƙirgawa, don haka in ka sabunta fasfo ka taho da tsohon.